Neman Muryar Malam Iro

Tun da na dawo daga ƙasar Gumel ba ku bar ni na sha ruwa ba. Wanda ya gan ni a ofis sai ya ce yaya Jigawa, wanda ya tare ni a wurin mai shayi sai ya ce wai da gaske har Nijar na tsallaka da kwamfuta a goye. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa yana ɗaukar inda ya ba shi dariya ya bar sauran. To ga shi nan gaba ɗaya. Ku kuma da muke sana'a ɗaya, ta gina shafukan bulog, ku kasa kunne, don ba yawon buɗe ido na je ba. Muryar wani tsoho na je nema.

Sagir abokina ne tun makarantar kwana, yanzu malamin makaranta ne a Gagarawa. Bara ya ce min yana son bulog inda zai riƙa sa muryoyin tsofaffin manoman yankinsu, suna bayanin yadda ake gane damina da yadda ake zaɓen iri. Na ce wannan ai aikina ne. Ga wanda ba ɗan sana'a ba, shafin bulog yana da riga, wadda muke kira tim, ita ce launi da tsari da yadda rubutu ke zama. Sannan akwai fulogin, wata 'yar manhaja da ake liƙa wa shafi don ya iya aikin da bai zo da shi ba. Ni na ɗinka rigar, ni na rubuta fulogin ɗin da ke ajiye muryoyin yana kunna su. Abu biyu na yi a ciki da nake ta yi wa kaina kirari a kansu. Na farko, na toshe hanyar saukewa, wai kada a sace wa Sagir wahalarsa. Na biyu, na tsara shi yadda idan aka cire shi zai share duk abin da ya ajiye, kada ya bar datti a baya. Haka na karanta ƙwararru suna yi, ni kuma a lokacin ji nake ƙwararre ne.

Murya ta farko da Sagir ya sa ta mahaifinsa ce, Malam Iro. Bayan girbi Allah ya yi wa Malam Iro rasuwa. A makon rasuwar, ban ma san an yi ba tukuna, na tura sabon gyaran riga kai tsaye kan shafin, ban gwada shi a wani kwafi na gefe ba. Gyaran ya yi karo da fulogin, murya ta daina fita, sai wani ɗan da'ira yana ta juyawa. Dangi na ta buɗe shafin suna son jin mamaci. Sagir ya ji nauyin ya dame ni, sai ya yi abin da duk mai waya a ƙasar nan yake yi idan manhaja ta yi gardama: ya goge, ya sake sakawa. Kafin ya iya buɗe baki ya faɗa min, kwafin da masu ajiye mana shafi ke riƙewa na ɗan lokaci shi ma sabo ya hau kansa. Ni kuwa ban ajiye nawa ba.

Na hau motar Gumel da safe. Direba ya so ya cusa jakar kwamfutata a but tare da buhunan taki, na ce sai dai a sauke ni. Muka yi ta cacar baki har fasinjoji suka sa baki, aka bar ni na rungume ta a cinya, mu biyu a kujerar gaba, giya tana bugun gwiwata duk inda aka canza ta. Dattijon da muka matsu tare ya ji ana ce min injiniya, sai ya zaro rediyo daga aljihu ya ce tun sallah take shaƙewa. Na ce ba irin injiniyan nan ba ne. Ya dube ni sama da ƙasa, ya mayar da rediyonsa, bai ƙara ce min uffan ba har na sauka.

A Gagarawa na fara gane cewa saurin Kano ba ya aiki. Mu a nan gaisuwa a tafe ake yin ta, kana amsawa kana duba waya. Can kuwa sai an tsuguna, a tambayi gida, a tambayi gajiya, a tambayi mutanen Kano ɗaya bayan ɗaya kamar an san su, a yi shiru kaɗan, a sake ɗaukowa daga farko. Ni da na zo da wuta a raina ina son in kama wayar Sagir in fara bincike, sai da na gaisa da rabin unguwa.

Sannan Sagir ya kai ni in yi wa mahaifiyarsa ta'aziyya. Inna tana takaba, ba ta fita, daga bakin ƙofa na durƙusa. Bayan addu'a ta ce ashe ni ne yaron da ya sa muryar Malam a waya. Na ce ni ne. Ta ce lokacin da yake da rai Sagir ya sha kawo mata ta saurara, tana korarsa, tana cewa me za ta ji, ga mai muryar nan zaune yana cika mata kunne safe da yamma.

"Yanzu kuwa ina so," ta ce. "Kullum sai ya ce min babu sabis. Tunda ga ka ka zo, ka gyara masa sabis ɗin."

Na dubi Sagir, ya sunkuyar da kai. Ashe bai faɗa mata ba. Ni ma ban faɗa ba, na ce in Allah ya yarda, Inna. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba.

Aka kawo tuwon gero da miyar kuka da man shanu, tuwon da a Kano sai ka yi sa'a, amma ban ji ɗanɗanonsa ba. A shagon Sagir na sauka, ɗakin da ke bakin zaure, na baje kayan aiki a kan tabarma na haɗa wayarsa da kwamfuta. Da ita ya ɗauki muryar, na sa rai ko an goge za a iya tono ta. Ina! Bidiyon biki da hotunan 'yan makaranta sun bi ta kai tuntuni. Na hau shi da faɗa, na ce wane irin mutum ne zai goge asali. Ya bar ni na gama, sannan ya tuna min a hankali cewa ni na ce masa abin da ya hau intanet ya zauna ke nan, kuma wayarsa kullum kukan cikewa take. Na ce to gargaɗin da ya fito kafin ya goge fa? Ya ce wani rubutun Turanci ne mai tsawo irin wanda ke fitowa kullum, wa yake karanta shi. Gaskiyarsa. Ni kaina ban taɓa karanta irinsa ba, kuma ni na rubuta wannan.

Shawarar da muka yanke ita ce mu bi mutane. Mutum nawa suka saurari Malam Iro, ai ba za a rasa wanda ya ajiye ba. Muka hau babur ɗin Sagir sai Gumel.

A Gumel akwai masu turi a gefen tasha, masu rumfa da tsohuwar kwamfuta, kana ba su memori su cika maka da wa'azi ko waƙa ko fim. Mu a Kano mun fara mantawa da su tunda data ta wadata a hannun matasa, amma a can su ne intanet ɗin mutanen ƙauye. Muka je wurin wani mai suna Ɗan'asabe, mai faɗin baki da fara'a, wanda Sagir ya sani. Da ya ji abin da muke nema sai ya dafa kai. Ya ce tsofaffi sun fi a ƙirga da suka zo da memorinsu suna cewa a sa musu Malam Iro na Gagarawa, ya yi iya dabararsa abu ya ƙi saukowa. Ya ce shi dai bai san wanda ya gina wa Sagir shafin nan ba, amma ko wane ne, mugu ne, marowaci, irin mutanen da ke kulle rijiya su tafi da makulli.

Sagir ya juya baya kafaɗunsa suna rawa. Tun da na zo ban ga haƙoransa ba sai a nan. Ni kuwa na ce wa Ɗan'asabe lallai mutumin bai kyauta ba. Ya ce ai bai kyauta ba kaɗan ne, ya ci gaba da wanke ni tas, ina tsaye ina gyaɗa kai, har ya sa aka kawo min kunun aya mai sanyi don ya ga ni baƙo ne.

Kafin mu tashi na roƙe shi ya buɗe shafin a wayarsa. Ku da kuke gwada aikinku a babbar kwamfuta da intanet ɗin ofis, da ma kuna wurin. Hoton gonar da na shimfiɗa a saman shafi, wanda nake taƙama da shi, saukowa yake layi-layi kamar ana saƙa shi. Haruffan ado da na ɗauko daga waje ba su iso ba, sai fili fari. Maɓallin kunna murya kuwa ƙanƙane ne, babban yatsan Ɗan'asabe ya rufe shi da maƙwabcinsa. Ya ce yawancin mutane a nan suke haƙura su rufe. Ban taɓa riƙe irin wayar da masu shafin ke riƙewa na gwada ba, ko sau ɗaya. In za ku ɗinka riga, ku sayi mafi arhar waya a kasuwa, ku je inda sabis ke sanda ɗaya, ku gwada a can. Abin da bai buɗe a nan ba, bai buɗe ba ke nan.

Daga Gumel muka nufi Ɗanzomo, a ƙasar Sule Tankarkar, wurin Baba Maigero, aminin Malam Iro. Shi ma muryarsa tana cikin waɗanda suka salwanta. Da muka bar kwalta muka shiga yashi, Sagir ya ce in saki jiki, ni kuwa na sandare ina riƙe da jaka. Babur ya yi rawa ya kwanta da mu. Kwamfuta ba ta ji komai ba don a kaina ta faɗo, amma salansar babur mai zafi ta lasar min ƙafa. Wasu mata Fulani masu tallar nono suka tsaya suna yi mana sannu cikin Hausa, suna dariya cikin Fulatanci. Ɗaya ta ce in shafa man shanu. Na shafa, har yau ga tabon.

Baba Maigero tsoho ne mai ƙarfin murya, kunnensa ɗaya ya yi nauyi. Da Sagir ya yi masa bayani sai ya ce shi nasa mai sauƙi ne, tunda bakin yana nan, a kawo wayar ya sake. Muka zauna a inuwar rumbu ya sake maganarsa, har ya ƙara da abin da bai faɗa ba a farko. Wannan karon kafin mu tashi na kwafe ta a kwamfuta, na kuma sa masa a wayar jikarsa. Aka kawo dambu da zogale da ƙuli, muna ci yana ba mu labarin amininsa. Ya ce Iro bai taɓa ajiye irin gero a rumbunsa kaɗai ba. Duk kaka sai ya zaɓi zangarniya masu kyau ya rarraba, wannan ga wane, wannan ga wance, har tsallaken iyaka wurin ƙanwarsa Hajo. Ba kyauta ce kawai ba, ajiya ce, in naka ya ƙone ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa. Haka kowa ke yi a da, in ji shi, yanzu ne aka koma jiran na kanti.

Daga nan ya ce mu gwada Hajo ɗin. Ya ji an ce duk ranar kasuwar Maigatari takan shigo, ta sa a kunna mata yayanta ta saurara, don a garinsu sabis ɗin Nijeriya ba ya kaiwa. Sagir ya ce ai Gwaggo 'yar ƙaramar waya gare ta mai maɓallai, me za ta iya ajiyewa. Baba ya ce shi dai abin da ya ji ke nan.

Muka isa Maigatari ana jajibirin kasuwa, gari ya cika ya batse. Wani dillalin dabbobi, abokin Malam Iro, ya sauke mu a gidansa tare da fatakensa na Nijar. Ɗaki ɗaya, tabarmi jere, kowa ya yi matashi da jakarsa. Ba a tambayi sunana ba, ba a tambayi yaushe zan tafi ba. A Kano ko ɗan'uwanka ne sai ya yi waya kafin ya zo, a nan kuwa baƙo hakkin mai gida ne kawai. Fataken suka dafa shayi a 'yar buta kan gawayi, mai ɗaci kamar maɗaci, na kurɓa na ajiye na ce na gode. Sagir ya taka min ƙafa, daidai wurin ƙunar, ya raɗa min cewa ba a tashi sai an sha na gaba da na gabansa. Na zauna. Na ƙarshen ne mai zaƙi, ashe haƙuri ake gwadawa.

Washegari muka ratsa kasuwa muna cigiyar Gwaggo Hajo. Ban taɓa ganin raƙuma da yawa haka ba, kuma ban san suna da wari haka ba. Muka sami matan garinsu a layin masu daddawa, suka ce tun rasuwar yayanta ba ta ƙara zuwa ba, ƙafa ta matsa mata, zuciyar ma ba daɗi. Sagir ya dube ni, na dube shi. Na ce tunda mun zo nan ai sai mu ƙarasa.

Iyakar ba ta yi kama da abin da nake zato ba. Mutane na ta wucewa da amalanke da babura, ana gaisawa da suna. Ni ne kaɗai baƙon ido, saboda jakata da takalmina. A ɓangarenmu aka duba katin shaidata, aka ce in buɗe jaka, aka tambayi abin da zan yi da kwamfuta a ƙauye. Na ce murya zan ɗauko. Jami'in ya sa na maimaita, sannan ya ce Allah ya ba da sa'a. A ɓangaren Nijar wani jandarma ya karɓi katin yana kirana mushe, wato malam. Da Sagir ya ambaci sunan Gwaggo sai ya ce ai ya san ta, mai daddawa, ya ce mu gaishe ta. Ba mu yi nisa ba wayata ta mutu murus, babu sabis ko ɗigo. Hausar ma ta ɗan karkata, lafiya ta koma lahiya, makaranta ta koma lakwal, amma geron da ke rumbuna iri ɗaya ne da na Gagarawa.

Gwaggo Hajo na ganin Sagir ta fashe da kuka, don yana kama da mahaifinsa. Sai da aka natsu, aka dama mana fura da nono a ƙwarya, sannan ya faɗa mata abin da ya kawo mu. Ta sa hannu a lalitarta ta zaro wata 'yar waya da aka ɗaure bayanta da roba. Ta ce ita ta gaji da jiran ranar kasuwa kafin ta ji ɗan'uwanta, ta ce a sa mata a tata aka ce ba ya yiwuwa, wai an kulle. Shi ne wata ranar kasuwa ta sa maƙwabciyarta ta kunna a babbar waya, ita kuma ta kara tata a jiki ta danna ɗaukar murya.

Ta kunna.

Abin da ya fara fitowa hayaniyar kasuwa ce, jaki na kuka, wani na tallar ruwa. Can ƙasa-ƙasa sai ga muryar tsoho, a shaƙe, kamar daga cikin tulu. Yana ba da labarin wata shekarar fari da irinsu ya ƙare, ya taka da ƙafa ya tsallaka wurin ƙanwarsa. A samansa kuma ga muryar Gwaggo, rangaɗau, don bakinta ya fi kusa da wayar, tana amsa masa kamar yana gabanta. Yana cewa ya iso da rana tsaka, tana cewa ƙarya kake Iro, da la'asar ka zo. Yana cewa ko ruwa bai sha ba, tana dariya tana cewa wa ya shanye furar. Sai ya ce, "Da na dawo gida da irin nan a ɗaure a rawanina, na tarar da mai ɗakina a bakin ƙofa, sai ta ce min..." Ƙit. A nan memorin Gwaggo ya cika.

Maganar da Sagir ya ɗauka doguwa ce, sun shafe yamma guda suna yin ta. Abin da ya rage bai kai a sha kofin shayi ba. Na ce ta sake kunnawa ko akwai wani guntun, babu. Sagir ya tashi ya fita bayan gida, ya daɗe bai dawo ba.

Na roƙi Gwaggo ta ba ni memorin in sa a kwamfuta, ta maƙe kafaɗa, ta ce wannan ba ya barin hannunta, mu da muka ɓatar da namu. Ban ga laifinta ba. Ta bulutut na tura, tana riƙe da wayarta da hannu biyu. Na sa a kwamfuta, na sa a wayata, na sa a ta Sagir, na sa wa maƙwabciyar. Gwaggo ta ce duk wanda ya nema a ba shi.

A hanyar dawowa ina ta gyara fulogin ɗin a kaina, kuma da na zauna haka na yi shi. Yanzu in ka cire shi ba ya taɓa muryar kowa. Abin da mutane suka ɗora nasu ne, ba dattin manhajarka ba ne, kada ka share sai mai shi ya nema da bakinsa, ka kuma tambaye shi da harshen da yake mafarki da shi, a gajarce: muryoyi za su goge har abada, ka yarda? Na sa maɓallin saukewa babba, wanda yatsan Ɗan'asabe ba zai kuskure ba, na matse muryoyin yadda ƙaramar waya za ta ɗauka. Kwafi yana tafiya wani wuri dabam da kansa, kuma nakan gwada dawo da shi, don ajiyar da ba ka taɓa buɗewa ba ba ka san ko akwai ta ba. Gyaran riga kuwa ba na ƙara tura shi kan shafi mai rai sai ya kwana a na gwaji. Duk wannan ba sabon ilimi ba ne, kun sani, ni ma na sani. Abin da ban yi ba shi ne in zauna kusa da Sagir in ga abin da hannunsa ke yi idan abu ya ƙi. Da na yi hakan sau ɗaya, da na san zai goge ya sake sakawa, tunda ni ma haka nake yi da wayata.

Muka iso Gagarawa da hantsi. Na ce wa Sagir bari in tace hayaniyar tukuna, in rage muryar Gwaggo, ko ta Malam za ta ɗan fito. Ya ce a'a, ya gaji da cewa babu sabis. Ya shiga ya faɗa wa Inna gaskiya, ni ina durƙushe a bakin ƙofa ina jin komai. Bai ɗora min laifi ba, ya ce abin ya goge ne, wannan guntun kaɗai aka samu wurin Gwaggo. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Ta ce a kunna. Jakin ya yi kukansa, mai ruwa ya yi tallarsa, Malam Iro ya fara magana daga nesa. Da Gwaggo ta ce ƙarya kake Iro, na ji Inna ta yi 'yar dariya ta hanci. Aka zo wurin rawani da bakin ƙofa, sai ta ce min, ƙit.

Can Inna ta ce, "Ce masa na yi, ka dawo da iri ka bar takalminka a hanya."

Sagir ya yi sauri ya ce to ai shi ke nan, Inna ta san sauran, sai ta faɗa ya ɗauka a sa a shafin, labari ya cika. Ni ma na sa baki, na ce ƙwarai, yanzu ma an gyara, ba zai ƙara ɓata ba.

"Labarin ai na sani, ɗana," ta ce. "Na fi shi sani. Muryar nake so."

Ta miƙa hannu, Sagir ya sa mata wayar. Ta tambaye shi inda ake dannawa, ya nuna mata. Ina ɗaura takalmina a zaure ina jin jakin nan yana sake kuka daga farko.